Ku bar su su sha kaye

A taron iyayen ɗalibai na ƙarshen zango na biyu, wani abokin aikina ya miƙe ya nemi a rubuta ma magajin gari takarda don a rufe rumfar wasannin bidiyo da ke bayan katangar lakwal ɗinmu. Hujjarsa guda ce. Wani ɗalibinmu na ajin ƙarshe na kwaleji ya sha kaye sau bakwai a jere cikin wasan faɗan nan da ake kira Tekken, sai ya ɗaga manet, abin da ake riƙewa ana latsawa, ya buga ta da ƙasa ta tarwatse, ya cakumi wuyan rigar yaron da ya kada shi, sai da mai rumfa ya shiga tsakani. "Kun ga abin da wasan faɗa ke haifarwa," in ji mushen. Aka tafa mishi. Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce ban yarda ba. An ba ni minti biyu, ban kai ko'ina ba aka kira la'asar, taro ya watse. Abin da ban samu faɗa a can ba shi na kawo nan, tunda na san yawancin masu karanta wannan shafi malamai ne da jagororin ƙungiyoyin al'adu, kuma na san da yawa cikinku da kuna wurin da kun tafa.

Kafin taron na riga na je rumfar, abin da babu ɗaya daga cikin masu tafin da ya yi. Telebijin uku ne bisa teburi, da benci biyu, da ƙaramin inji don sa'ad da aka ɗauke wuta. Biyu na ƙwallon ƙafa ne, ɗaya na faɗa. Dokar na faɗan mai sauƙi ce: wanda ya ci ya zauna, wanda aka kada ya tashi ya miƙa ma na baya, in yana son komawa ya sake biyan dala goma ya bi layi. Na yi wajen awa biyu ina kallo, na lura da wani bambanci. Yaron da aka ci a wasan ƙwallo yana tashi da dariya, don yana da waɗanda zai ɗora ma laifi: mai tsaron gida ne ya yi barci, alƙali ne ya hana shi bugun daga kai sai gola, kwamfuta ce ke motsa sauran goman da ba ya riƙe da su. Yaron da aka kada a wasan faɗa kuwa fuskarsa a ɗaure take. Mutum biyu ne rak, kowa da jaruminsa guda, babu alƙali, babu abokin da za a ce shi ya ɓata. Wasan yana tafiya da hoto 60 cikin daƙiƙa ɗaya, kowane naushi yana da adadin hotunan da yake ɗauka kafin ya sauka, da adadin da mai shi ke ɗauka kafin ya dawo tsaye. Wanda ya san wannan lissafi ya san lokacin da zai rama. Wanda bai sani ba zai yi ta maimaita shuri ɗaya, ana tarewa ana dukansa, har jininsa ya ƙare bisa allo gaban abokansa. Sai ka ji borin kunya ya fara: manet ɗina ba ta latsuwa, ka zaɓi jarumin ragwaye, hasken rana ne ya bugi gilashi. Sauran yara sun san ƙarya ce, shi ma ya sani. A nan zafin yake.

To wannan zafin ne abokin aikina ya gani ya ce wasa ne ya haife shi. Ni na ce wasan ya tono shi ne kawai. Yaron da ya fasa manet na san shi shekara uku. Shi ne ya yaga takardar diktensa gabana bara da ya ga sifiri, shi ne ya daina zuwa horon ƙwallo ranar da aka ajiye shi a benci. Bai taɓa koyon yadda ake faɗuwa a tashi ba, ba a gida ba, ba a aji ba. In mun rufe rumfar mun rufe madubi, fuskar tana nan yadda take.

Masu wannan wasa a duniya sun daɗe da gane cewa shan kaye shi ne rabin sana'arsu, har suka gina gasarsu a kansa. Tun da kamfanin Capcom na Japan ya fito da Street Fighter II a 1991, gidajen wasa na Tokyo da Osaka da biranen Amurka suka zama makarantu irin rumfarmu, wanda aka kada ya sake jefa kwabo. Babbar gasarsu, wadda ake kira Evo tun 2002, tana da tsarin da ya kamata kowane malami ya duba: ba a fitar da kowa da kaye ɗaya. In aka kada ka sai ka sauka layin waɗanda suka faɗi, ka ci gaba da fafatawa da ire-irenka, kuma ta wannan layi kana iya haurawa har wasan ƙarshe. Sai ka faɗi sau biyu za ka nannaɗe tabarmarka. A 2023 sama da mutum 7,000 suka shiga gasar Street Fighter 6 a Las Vegas. Mutum ɗaya ya ɗauki kofi. Duk sauran sun biya kuɗin shiga, da yawansu har da kuɗin jirgi da masauki, sun san kusan tabbas gida za su koma da kaye biyu.

Abin da ya fi shahara a tarihin wasan ma a layin faɗaɗɗu ya faru. A 2004, a Pomona ta jihar Kalifoniya, Daigo Umehara na Japan ya haɗu da Justin Wong na Amurka cikin Street Fighter III. Jinin jarumin Daigo ya rage ɗan ɗigo, ta yadda ko tare bugu ya yi da hannu zai faɗi, don tarewa ma tana rage jini kaɗan. Wong ya sako mishi jerin shuri 15. Hanya guda ta rage: ya tura gaba daidai lokacin da kowane shuri zai sauka, ya kauda shi, sau 15 ba kuskure ko ɗaya. Ya yi, ya rama, ya ci, ɗaki ya ɗauki ihu. Miliyoyin mutane sun kalli wannan ɗan guntun hoto. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne Daigo ya wuce wasan ƙarshe ya sha kaye hannun ɗan ƙasarsu Kenji Obata. Shi kuwa Wong, wanda duniya ta haddace sunansa ta hanyar ranar da ya fi jin kunya, bai ɓuya ba, bai canza sana'a ba. Kofunan Evo tara gare shi.

Wanda ya fi kama da ɗalibina shi ne Victor Woodley, da ake kira Punk. A 2017 yana ɗan shekara 18 ya share kowa, har ya tura Tokido na Japan layin faɗaɗɗu. Tokido ya bi ta can ya dawo, ya same shi a wasan ƙarshe, ya kada shi zagaye biyu a jere. Yaron ya yi hawaye bisa dandamali, kamara na kansa. Shekara bakwai ya yi yana dawowa ana kada shi, sai a 2024 ya ɗauki kofin. Ina son malamin da ya nemi a rufe rumfa ya gaya mini wane darasi cikin tsarin karatunmu ke koya ma yaro ya jure shekara bakwai.

Kada wani ya ce wannan zancen ƙasashe masu kuɗi ne. A 2019 wani saurayi daga Lahore ta Pakistan, Arslan Siddique, wanda ya tashi cikin ƙananan gidajen wasa na unguwa, ya sha wahalar biza ya isa Japan da ƙyar ya ci gasar Tekken 7, sa'an nan ya je Las Vegas ya kada Knee, gwarzon Koriya ta Kudu. Da aka yi ta mamaki sai ya shaida musu cewa a gida akwai waɗanda ke kada shi. Aka je aka tarar gaskiya ya faɗa.

Ban ce duka masu wasan waliyyai ne ba. Akwai matsorata da ke cire waya in sun ga za a kada su ta intanet, don kada a rubuta musu faɗuwa. Abin ya yi yawa har masu ƙera Mortal Kombat X a 2015 suka sa in mutum ya gudu kan jaruminsa ya fashe, a ba abokin karawarsa nasara. Ko wannan ma shaida ce a gare ni: jama'ar wasan sun ɗauki gudun kaye abin kunya fiye da kayen kansa.

Abin da ya fi ba ni haushi cikin tafin nan shi ne mu Nijar ba mu da uzurin rashin sani. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kusan kowace shekara ƙasar nan kan tsaya cik ta saurari rediyo. Jiha takwas, kowace da ƴan kokowa 10, mutum 80 ke nan, takobi ɗaya. Mutum 79 suna komawa gida hannu sake, wasunsu an kada su cikin ƙiftawar ido gaban makaɗansu da gwamnansu da duk mai telebijin. Me muke gani? Wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tada na ƙasa, su rungumi juna, na ƙasa ya kakkaɓe rairayi ya fita, baɗi ya dawo. An sha ganin wanda ya ƙi yarda da hukunci, an sha ganin ƴan kallo sun tada ƙura, amma ban taɓa jin ƙungiyar al'adu ta rubuta takarda a rufe filin kokowa ba. Muna kiran wannan tarbiyya, muna rubuta maƙala a kai, muna kai ɗalibai kallo. Da yaranmu suka samo wani fili na mutum biyu, mai doka, mai kaye bayyananne, sai muka ce lalacewa ce, don kawai na'urar daga Japan ta zo kuma mu ba mu iya riƙe ta ba.

Laifi tudu ne. Mu duba yadda muke ba da kaye a aji. Ni da kaina na yi shekaru ina raba takardun dikte daga na ƙarshe zuwa na farko, ina kiran suna da maki da ƙarfi, yara na dariya, ina ganin horo nake yi. Yaro ya yi kuskure biyar ya samu sifiri, wani ya yi arba'in ya samu sifiri, babu abin da ke nuna ma na farko cewa ya kusa. Takardar kan dawo bayan sati uku, lokacin ya manta abin da aka karanta, kuma ba za a sake ba shi wannan dikten ya gwada ba. Wanda ya faɗi jarrabawar BEPC sai shekara ta zagayo, in ma gidansu sun bar shi ya koma, in mace ce sau da yawa zancen ya ƙare ke nan. A rumfa yaro ya san cikin minti biyu cewa ya faɗi, ya san da wane bugu aka kada shi, na kusa da shi na gaya mishi ya daina tsalle, kuma da dala goma zai sake gwadawa. Na ji wani ɗan shekara 13 yana bayyana ma wanda ya girme shi dalilin faɗuwarsa dalla-dalla, da haƙurin da ban cika gani a ɗakin malamai ba. Da wane baki za mu ce rumfa ce ba ta tarbiyya?

Akwai abin da na yarda da abokin aikina a kai, kuma ba ƙarami ba ne. Yara na gudu daga aji su shige can. Kuɗin karin kumallo na ƙarewa can. Na ga manyan samari suna aza jika guda bisa wasa, wannan caca ce, ba ta da wani suna, kuma ita ce ke mai da kaye gaba, don wanda aka ci kuɗinsa ba ya rungumar kowa. Mortal Kombat kuma, da fille kai da zare laka, ba na ƴan firamare ba ne. Ko a Amurka shi ne cikin wasannin da suka sa majalisar dattawa ta zauna a 1993, aka kafa hukumar tantance shekarun masu wasa a 1994. Duk waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa da magana. Mai rumfar mutum ne mai iyali, na yi hira da shi, a shirye yake ya hana ɗalibai shiga lokacin darasi in lakwal ta ba shi jadawali, don shi ma manet ɗin da aka fasa ta ci mishi ribar kwanaki. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye shi. In an rufe shi, yaran za su koma wayoyinsu cikin ɗaki, kowa shi kaɗai, su yi ta faɗa da baƙon da ba su gani, inda in an kada su babu wanda zai kalle su, babu hannun da za su karɓa, cire waya kuma ba ya buƙatar ko tashi tsaye.

Don haka ga abin da nake nema wurin ƙungiyoyin al'adu, ku da ke da makullin gidajen matasa a Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Cikin hutu ku ari telebijin biyu, ku shirya gasa da layin faɗaɗɗu, ba kuɗi bisa tebur, kowa ya yi musafaha kafin wasa da bayansa, wanda ya ƙi a cire shi ko da shi ke gaba. Ku gayyato tsohon ɗan kokowa na unguwa ya zauna ya ba da lada, ku roƙe shi ya ba yaran labarin ranar da aka kada shi, wadda ba wanda ke tambayarsa.

Ɗalibin nawa ya biya kuɗin manet cikin sati biyar, da ɗaukar ma mai rumfa ruwa da sharar fili. Na sa ya je ya ba yaron da ya cakuma haƙuri, ya je yana cika yana batsewa. Ranar Asabar da ta wuce na zauna kusa da shi na karɓi manet ta biyu. Ya kada ni sau shida, ko taɓa shi ban yi ba a uku na farko, yara suka cika rumfa suna ihu mushe ya faɗi. A na bakwai sai ya ajiye tasa bisa cinya ya ce, "Mushe, kullum da ƙafar dama kuke farawa, shi ya sa." Takardar magajin gari tana nan bisa teburin direkta, malamai 14 sun sa hannu, an bar mini gurbina fari.