Wanda Ya Sayi Kaki, a Kasuwa Zai Fanshe

Jama'a, kullum kukanmu ɗan sanda ya tare mota, ɗan sanda ya karɓi na goro. Amma ba mu cika tambayar ta wace ƙofa ya shiga aikin ba. Tun ran gini, ran zane.

Iyayenmu sun ga zamanin 'yan dokan En'e, sa'ad da baran mai sarauta kan sami kaki don ubangidansa ya sa baki. Wanda ya ɗauke shi kuwa, shi ya kan yi wa biyayya, ba doka ba. Bayan 1966 aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Kaki ya sake, to hali fa?

A 2019 aka ce za a ɗauki kurata 10,000. Sai Sufeto Janar da Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda suka kama kokawa a kan wanda zai riƙe alƙalami, har Kotun Ƙoli, wadda ta ba Hukumar gaskiya a 2023. Shekara huɗu manya na shari'a, ɓarayin shanu kuwa ba su tafi hutu ba. A 2024 rundunar da bakinta ta ce cikin sunayen da aka miƙa mata har da waɗanda ba su ma nemi aikin ba.

Sa'an nan ga horo. A 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna kwalejin 'yan sanda ta Ikeja, ɗakunan kwana a lalace, abinci abin tausayi, har Shugaba Jonathan ya tafi ya gani da idonsa. Yaron da aka koya masa aiki da yunwa da wulaƙanci, sa'an nan aka miƙa masa bindiga, me zai kawo wa mai tumatir?

Abin da muke nema ba shi da wuya. Kowace ƙaramar hukuma a kafa sunayen waɗanda aka ɗauka a bakin kasuwa, kowa ya san ɗan wane ne. Kuɗin abincin kurata a Kaduna da Maiduguri a bayyana shi a fili. Wanda aka kama yana sayar da gurbi, sai gidan yari.

Ku kuma 'yan'uwa, kada kowa ya sayar da gona don saya wa ɗansa kaki. Kuɗin nan a teburin maƙwabcinka zai fanshe shi. Allah ya sa mu gane.