Makafi na da sarki, guragu na da sarki, wanda ya bugu a ka fa?

Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba su da mai magana da yawunsu, su kuma ba sa iya tsaya wa kansu. Ina nufin waɗanda suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, Allah ya yi da sauran kwana, aka sallame su daga asibiti, daga nan kowa ya kama gabansa. Shekara shida ke nan ina jinyar ɗaya daga cikinsu, don haka ni ganau ne, ba jiyau ba.

Ƙanena tela ne, yana da shagonsa da yara uku masu koyon ɗinki. Wata Alhamis ya hau acaɓa zai je sayo zare, mota ta kwashe su, kansa ya daki bakin kwalbati. Kwana goma sha ɗaya ya yi a doguwar suma. Muka sayar da gonar gado muka biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da na tiyata, kuma tsakani da Allah likitoci sun yi iya bakin ƙoƙarinsu. Ranar da ya fito da ƙafarsa mahaifiyarmu ta yi sadakar waina, dangi suka cika gida ana ta barka da arziki. Abin da aka miƙa mana a asibiti shi ne takardar magani da ranar dawowa a cire zare. Ko na minti biyar babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana abin da ke jiranmu a gida.

Ya koma shago. Sai ya auna wuyan riga, kafin ya ɗauki almakashi ya manta awon. Ya ɓata shaddar mutane har masu kawo ɗinki suka watse, yaran ma iyayensu suka janye su. Mutumin da ko ɗan ƙaramin yaro bai taɓa ɗaga wa murya ba, sai ga shi yana jifan matarsa da kwano don ƙarar tabarya ta dame shi. Yakan saki maganar da ba ta dace ba a gaban surukai, ko a jikinsa. Wata rana ya yi sallar la'asar sau uku, yana rantsuwa bai yi ba. Bayan wata takwas farfaɗiya ta biyo.

Kowa a unguwa ya zama likita. Gwaggo ta ce aljanun wurin da ya faɗi ne suka shige shi. Wani ya ce sammu ne daga abokin sana'a. Matasa suka ce ƙwaya ya fara sha. Mafi yawa kuwa cewa suke yi ai lafiyarsa ƙalau, iskanci ne da son banza. Ba zan ɓoye maka ba, ni kaina na yi kusan shekara ina cikin masu wannan magana ta ƙarshe, har na taɓa marinsa. Allah ya yafe mini.

Wani ɗalibin likita da muke sallah a masallaci ɗaya ne ya warware mini. Ya ce ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ne linzamin mutum: da shi ake tsara aiki daki-daki, da shi ake danne fushi, da shi ake jin kunya. Kuma yana cikin wuraren da suka fi saurin buguwa a hatsarin hanya. Fata takan warke, ƙashi ya haɗe, a bar linzami a tsinke. Ya ba ni labarin wani ma'aikacin shimfiɗa layin dogo a Amurka, Finiyas Gej, wanda a 1848 sandar ƙarfe ta huda masa kunci ta fita ta saman kai. Ya rayu, yana tafiya yana magana, amma halinsa ya sauya har kamfanin ya ƙi mayar da shi aiki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutumin nan daga baya ya yi shekaru yana tuƙa keken doki na fasinja a ƙasar Cile. Ashe in aka samu aiki mai tsari da mai haƙurin bi da mutum, ana farfaɗo da wani abu.

Da wannan ƙwarin gwiwa na fara yawon ofisoshi. A wani ofishin walwalar jama'a, jami'in ya dubi ƙanena sama da ƙasa, ya ga saurayi tsaf da hula da agogo, ya ce da ni: “Malam, ina naƙasar?” Takardar da ke gabansa tana da gurbin makafi, da na guragu, da na kurame, da na kutare, da na zabiya. Babu inda za a rubuta mutumin da yake gani, yake ji, yake tafiya, amma ba za a aike shi sayen gishiri ya dawo da gishiri ba. Ya tura mu wajen likitocin masu taɓin hankali. Can aka ce wannan aikin likitocin da suka yi masa tiyata ne. Su kuma suka duba tabon suka ce ya warke sarai. Haka muka zama ƙwallon kowa, har takalmina ya cinye.

A hanyar dawowa na yi wani tunani. Tun kafin zuwan Turawa, a ƙasar Hausa akwai sarkin makafi, akwai sarkin guragu, akwai sarkin kutare. Ko yau in za a raba zakka ko tallafin azumi, ta hannun shugabanninsu ake bi, suna da jerin sunayen mutanensu, suna da bakin da za su yi ƙorafi in an tsallake su. Ban yi musu hassada ba, su ma abin da ke isa gare su bai taka kara ya karya ba. Amma wanda ya bugu a ka ba shi da sarki, ba shi da ƙungiya, kuma ciwon nasa shi ne ainihin abin da ke hana shi bin layi, da riƙe ranar da aka ce ya dawo, da yi wa jami'i magana mai daɗi. Sai a ce ba shi da ladabi, a kore shi.

Alhali doka tana nan. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa. Ta tanadi tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariyar, da tarar naira miliyan 1 ga kamfani. Ta ce mai naƙasar da ta shafi ƙwaƙwalwa a duba shi kyauta a asibitocin gwamnati. A 2020 aka kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa. A farkon 2023 kuma aka samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Duk da haka, maganin farfaɗiyar ƙanena daga albashina na malamin firamare yake fita kowane wata. In albashi ya makara, ya faɗi.

Inda hukuma ta bar gurbi, gidan mari ne ke cikewa. Sau biyu dattawan danginmu suna ba da shawarar a kai shi a ɗaure “ya huce”. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, mutum sama da 300, da yawansu da mari a ƙafa, sannan aka sake ganin irinsa a Daura bayan 'yan makonni. A watan Nuwambar shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa ɗaure marasa lafiya da sarƙa bai tsaya a gidajen malamai da majami'u ba, har a wasu cibiyoyin gwamnati ana yi. Ni dai ba na zagin iyalin da suka kai nasu irin waɗannan wurare, don na san gajiyar da ke kai mutum can. Amma mai farfaɗiya a cikin mari, in ta tashi masa cikin dare, gawa za a kwance da safe.

Wadda ta fi kowa ɗaukar nauyin nan ita ce matarsa. Ita ke ba shi magani a kan lokaci, ita ke ɓoye wuƙa da ashana, ita ke bin sa in ya fita ya rasa hanyar gida, ita ke shan zagi da jifa, kuma da kuɗin ƙosanta yara ke zuwa makaranta. Danginta sun ce ta nemi a raba auren, danginmu kuma wasu na raɗa cewa ita ta yi masa asiri. A shekara shida babu ma'aikacin lafiya ko na walwala da ya taɓa leƙo gidan ya tambaye ta yaya take kwana. In ta tafi gobe, wallahi ba ni da bakin da zan ce ta yi laifi.

Kuma irin ƙanena ba kaɗan ba ne. Akwai waɗanda sanƙarau ya bari, da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya haye musu ka, da jariran da suka wahala a doguwar naƙuda, da masu shanyewar ɓarin jiki. Yaran Zamfara da suka tsira daga gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400, yanzu samari ne da 'yan mata, wa ke bin sawunsu? Mu kanmu muna da namu laifin. Lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta sa hular kwano a farkon 2009, har ƙwarya wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifawa a ka don su yi wa doka dariya, mu ma muna taya su. Ƙanena ba shi da hula a kansa ranar nan.

Roƙona bai fi ƙarfin kowa ba. Asibitocin da ke tiyatar kai su ware mutum ɗaya da zai zaunar da iyali kafin sallama, ya yi musu bayani da Hausa, ya ba su ranar dawowa don duba hali da tunani bayan an cire zare. Ma'aikatun da ke kula da masu buƙata ta musamman a jihohinmu su ƙara gurbi ɗaya a takardarsu, su karɓi shaidar likita maimakon shaidar ido. Limamanmu kuma su taɓo maganar nan a huɗuba ko sau ɗaya, domin abin da liman ya faɗa ranar Juma'a ya fi saurin isa zauren gida.

Kai kuma Malam Edita, ka turo wakilinka ya tsaya a ƙofar sashen hatsari na kowane babban asibiti, ya bi mutum biyar da aka sallama zuwa gidajensu bayan wata shida, ya rubuto mana abin da ya tarar.

Naka,
Wani malamin firamare mai jinya,
daga Zariya.