Kafin A Ce "Ina Danginsa?"

Duk sanda mai taɓin hankali ya zaro wuƙa ko ya rarumi taɓarya, a Domayo ta Marwa ne ko a cikin Garwa, abin da ake fara tambaya shi ne ina danginsa, me ya hana su tsare shi. Tambayar tana da sauƙi a bakin wanda bai taɓa kwana yana kasa kunne ga motsin ɗakin ɗansa ba. A ganina muna ɗora wa iyali kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma wannan zargin ne ke ingiza su ga sarƙa da mari.

Galibin masu wannan lalura ba sa taɓa kowa, su ne ma ake jifa ana duka. Haɗarin yakan taso idan ciwo ya yi tsanani babu magani, ko ya haɗu da tiramol da wiwi, waɗanda ba sa wuyar samu a arewacin Kamaru. Nan ne iyali ke da aiki na gaske. Uwa ce ke fara lura ɗanta ya daina runtsawa, yana surutu shi kaɗai, ya ƙi tuwonta wai an zuba masa guba. Za su iya kawar da adda, su kula da shan magani, su garzaya asibiti da wuri. Iyakarsu ke nan. Dattijuwa ba za ta danne ƙato ɗan shekara talatin ba, kuma sanannun sassan masu taɓin hankali na ƙasar, Jamot a Yawunde da Laquintinie a Duwala, sun fi kilomita 1,000 daga Marwa.

Wani zai ce tun kaka da kakanni gida ke riƙe nasa, da ruƙiyya da rubutun sha. Addu'a ba ta hana allura, illar tana cikin watannin da ake ɓatawa ana neman wanda ya yi sammu. Riƙon da ake yabo kuwa sau da yawa turu ne. A 2020 ƙungiyar Human Rights Watch ta samu ana ɗaure irin waɗannan marasa lafiya a ƙasashe 60, kuma a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Da yawansu iyaye ne suka kai su, bayan dabara ta ƙare musu.

Uzurin ƙarancin likitoci ma bai wanke hukuma ba. Tun 1954 Dakta Thomas Lambo ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta, kowanne da ɗan uwansa mai jinya, ana ba su magani da rana. Shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2008, yana koya wa ma'aikatan jinya gane ciwon da fara magani. Abin da gidajen Domayo ke buƙata ke nan: allurar wata-wata a asibitin unguwa, da lambar da jauro ko lawan zai kira cikin dare.