Masu ƙawata gidajenmu, wa zai duba makomarsu?

Duk ɗan kasuwar da Allah ya buɗa wa, duk babban ma'aikacin da ya gama gininsa a Yamai ko Maraɗi, burinsa falo mai zanen rufi, da labule, da kujeru na alfarma. Amma wa ya taɓa tambayar halin da yaron da ke bisa tsani yana shafa fenti yake ciki?

Ga yadda abin yake. Yaro ya shiga hannun maigida, kafinta ko mai fenti ko mai ɗinkin kujeru, ya share shekaru yana shaƙar ƙurar katako da warin fenti, ladansa kuɗin abincin rana. Babu yarjejeniya a rubuce, babu rajista a asusun CNSS. In ya faɗo daga tsani, jinyarsa tana wuyan iyayensa. Ranar da aka yaye shi kuma, babu takardar da za ta shaida gwanintarsa. A farkon 2024 an ɗaga albashi mafi ƙanƙanta zuwa jika 42 a wata, amma wannan doka ba ta leƙa rumfar da ba a san da ita a ofis ba.

Alhali ƙawata gida gadonmu ne. Wanda ya zagaya unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina suka bari a fuskar gidaje. Falke Barmu, maginin ƙauye, shi ya gina masallacin Yama na jihar Tawa, wanda ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Dandaji kuwa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci gidan karatu a 2018, tare da maginan gari. Ashe in ilimin boko ya haɗu da hannun gwani, duniya tana kallo.

Laifin namu ne, mu masu ba da aiki. Alhaji zai biya kujerun Dubai ko Turkiyya ba ciniki, amma ya wuni yana tayawa da kafintan unguwa, sannan ya riƙe masa ciko wata da watanni. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Muna kira da abu uku. Hukuma ta shirya jarrabawar da za ta bai wa wanda ya koya a rumfa takardar shaida, asusun FAFPA na koyon sana'a ya tallafa. Ma'aikatu su riƙa sayen tebura da kujerunsu wurin masu sana'ar ƙasa, su kuma biya kan lokaci. Ku kuma ƴan kasuwa, ku rubuta yarjejeniya kafin a soma aiki, ku biya ranar da aka gama. In ba haka ba, yaran za su tsallaka waje neman abinci, gobe mu ɗauko baƙi da tsada su yi mana abin da kakanninmu suka iya.