Allo Ba Rumbu Ba Ne

Duk wanda ya buɗe manhajar Heptabase a karon farko zai ci karo da kalmomi uku: kati, allo da laƙabi. Sau da yawa akan tsallake su a faɗa aiki kai tsaye. Wannan kuskure ne, domin tsarin manhajar gaba ɗaya ya rataya ne a kan bambancin kati da allo.

Kati yana ɗauke da tunani guda, kamar taƙaitaccen bayanin wani babi ko shawarar da aka yanke a taro. Allo kuwa fili ne da ake baza katuna a kai, a ja kibiya tsakaninsu don nuna alaƙa. Sai dai kati ba mallakin allo ba ne. Mazauninsa rumbun katuna, yana iya bayyana a alluna da dama lokaci guda, kuma gyaran da aka yi masa a wuri ɗaya zai fito ko'ina. Idan aka cire shi daga allo, yana nan a rumbu. Wanda ya yi makarantar allo ba baƙon wannan ba ne: ana wanke allo, hadda na nan a ka.

Wanda ya saba da folda yakan ɗauki allo a matsayin ma'ajiya, sai ya riƙa yin kwafi. A ce jami'ar wata ƙungiya ta kwafi adadin kasafin kuɗi zuwa alluna uku. Ranar da adadin ya sauya, za ta gyara ɗaya, biyu su ci gaba da ɗauke da tsohon, har ya kutsa cikin rahoton da za a miƙa wa masu ba da tallafi. Da kati ɗaya ta ɗora a allunan uku, da gyara ɗaya ya wadatar.

Laƙabi aikinsa daban: yana tattara katuna cikin jadawali, a ga wa'adin kowane aiki da matakin da ya kai.

Tunanin ba sabo ba ne. Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jamus da ya rasu a 1998, ya bar katunan takarda kimanin 90,000 masu nuni ga juna ta lambobi. Manhaja ta sauƙaƙe wannan wahalar, amma ba za ta yanke wa kowa abin da ya cancanci zama kati ba. Shi ya sa ya kamata kowace tawaga ta fara daidaitawa a kan ma'anar waɗannan kalmomi kafin ta buɗe allon farko.