Kowace jaha da jami'arta, amma wa zai riƙe injin?

Tun daga shekarar 2014 babu wata jaha a Nijar da ba ta da jami'ar gwamnati. Ta Yamai ce uwa, wadda aka aza tubalinta a 1971. Maraɗi da Tawa da Damagaram suka sami nasu a 2010, sa'annan Agadas da Difa da Doso da Tilaberi suka biyo baya. Wannan abin yabo ne, domin ɗan talakan Madawa ko Magarya da ya ci jarrabawar bak ba dole ba ne sai ya tafi Yamai neman makwanci kafin ya nemi ilimi. To amma tun da gini ya samu, ya kamata mu tambayi kanmu: waɗanne irin mutane ne jami'o'in nan suke yaye wa ƙasa, kuma wane aiki ne yake jiran su?

Tattalin arzikinmu ya sake kama. Ɗan kasuwar Maraɗi yana aika kuɗi Kwatano ta wayar salula, takardun duwan ta kwamfuta ake cika su, kuma a 2025 intanet ta tauraron ɗan Adam ta Starlink ta fara aiki a ƙasar. Matatar man SORAZ ta Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana, ta soma aiki a 2011. Bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin ya fara kai ɗanyen mai a 2024. A watan Yuni na 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin yuraniyom na Somaïr mallakar ƙasa. Sa hannu a kan doka aikin yini ɗaya ne, amma injiniyan da zai riƙe ma'adinar sai ya shekara biyar yana karatu bayan bak, ya ƙara wasu shekarun yana gogewa a bakin aiki. Ƙasar da ta karɓi dukiyarta ba ta tanadi masu sarrafa ta ba, za ta kori baƙo ta ƙofar gaba, ta sake kiran wani ta ƙofar baya, kuma shi ne zai yanka farashi.

Tsarin da muka gada daga Turawan mulkin mallaka an gina shi ne don samar da akawu da ma'aikatan ofis. Har yanzu azuzuwan adabi da shari'a da tattalin arziki ne suke cika maƙil, alhali kuwa tun zamanin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 da 1990 gwamnati ta daina iya ɗaukar duk mai takardar digiri. Yaro ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya dawo gidan ubansa yana jiran gasar ɗaukar ma'aikata, ko ya shiga koyarwar kwantiragi ba don yana so ba. A unguwar da yake zaune kuwa, idan famfo mai aiki da hasken rana ya lalace, sai a yi makonni ana neman mai gyara.

Ba sai mun je Sin ko Faransa neman abin koyi ba. Marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, haifaffen Tasawa ne. Ya ƙware a kimiyyar fizik, ya dawo gida ya shugabanci ofishin makamashin rana na ONERSOL tun daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin rana, a lokacin da duniya ba ta ɗauki wannan fanni da muhimmanci ba. Ya dubi abin da Allah ya hore wa ƙasarsa, ya ɗora iliminsa a kai. Mun raɗa wa jami'a sunansa, saura mu bi hanyarsa.

Abu na farko shi ne wuta. A watan Agusta na 2023, da Najeriya ta katse lantarkin da take ba mu, wanda shi ne kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da muke sha a lokacin, kowa ya ga inda muka tsaya. Ba a koyon kwamfuta a kan allo da alli. Ya kamata kowace jami'a ta sami tashar hasken rana tata, kuma ɗalibanta ne za su kafa ta, su riƙa kula da ita, ta zamanto ita ce ɗakin gwajinsu na farko.

Na biyu, shekarar karatu ta fara a kan lokaci ta ƙare a kan lokaci. Bashin kuɗin tallafin ɗalibai da yajin aikin malamai sun sha sa karatun shekara uku ya koma huɗu ko biyar, kuma ilimin fasaha ba ya jiran kowa: abin da aka koya a shekarar farko ya tsufa kafin a karɓi takarda. Biyan haƙƙi a kan kari ya fi sabon gini araha.

Na uku, a ƙarfafa cibiyoyin fasaha na IUT da makarantar ma'adinai ta EMIG. Bayan kowane injiniya ɗaya ana bukatar ƙwararrun masu aikin hannu da dama, masu haɗa waya da gyaran inji da kula da na'urori. Kuma duk kwangilar mai ko ma'adinai da za a sa wa hannu, a rubuta a cikinta adadin ɗaliban da kamfani zai horar, da shekarar da ɗan ƙasa zai gaji kujerar baƙo.

Sai ku alhazan kasuwa. Kun gina masallatai da makarantu, Allah ya saka da alheri. Amma albasar Galmi da take ruɓewa a rumbu kowace shekara dukiyarku ce. Me zai hana ƙungiyar ƴan kasuwa ta ɗora wa jami'ar Tawa aikin ƙera rumbun da zai riƙe ta har farashi ya tashi, ta biya kuɗin binciken? Me zai hana kowane babban shago ya karɓi ɗalibi ɗaya, namiji ko mace, na wata uku, ya tsara masa lissafin kaya a kwamfuta? Ku kuma ma'aikatan gwamnati, idan za a ba da aikin tsara wata manhaja, a fara tambayar jami'ar Doso, wadda fasahar sadarwa ce fanninta, kafin a kira kamfanin waje.

Wasu za su ce makarantun firamare sun fi bukata, kuma yaƙi da ƴan ta'adda ya cinye kasafin kuɗi. Gaskiya ne. Sai dai malamin lissafin da zai gyara firamare da sakandare daga jami'a yake fitowa, jirgi maras matuƙi da soja yake dogara da shi kuma sai da mai gyara. Kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba. Nan da ɗan lokaci za su ƙwanƙwasa ƙofar jami'o'in nan, kuma ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mahukunta kunnen ji.