A Sheƙe Kwal Da Iska, A Bar Wa Jama'a Ruwansu

Jama'a, kwal ba ya fitowa daga rami tsantsarsa. Tare yake zuwa da duwatsu da laka, waɗanda ba su cin wuta, sai dai su ƙara toka, su ƙara wa mai dako nauyi. Saboda haka tilas a tsabtace shi kafin a kai shi murhu.

Hanyar da aka saba ita ce wanki. A zuba kwal cikin ruwa mai kauri, shi ya taso sama don rashin nauyinsa, dutse ya nutse, gama dutsen ya kusa ninka shi nauyi. Wankin yana fid da kwal mai kyau, amma yana shan ruwa mai yawa, sa'an nan ya bar baƙin taɓo wanda sai an yi masa madatsa. A shekarar 1972 irin wannan madatsa ta ɓalle a kwarin Buffalo Creek cikin ƙasar Amurka, mutum 125 suka halaka.

To, akwai wata hanya, watau tankaɗe da iska. Duk macen da ta taɓa riƙe faifai ta san asalinta. Ana zuba kwal bisa wani faffaɗan tebur mai ƙananan huji, inji yana girgiza shi, iska tana hurowa daga ƙasa. Mai nauyi ya kwanta, marar nauyi ya hau bisa, kowa ya bi tasa ƙofa. Mutanen Sin, da yake yawancin ramukansu suna yankunan da ruwa ya yi ƙaranci, sun kyautata wannan inji ƙwarai. Akwai kuma na'ura mai haska kowane dunƙule da hasken hoton ƙashi, in ta ga dutse sai ta ture shi gefe da bugun iska.

Wannan magana ta shafi Anu Araren ta jihar Agadas, inda kamfanin Sonichar, wanda aka kafa a 1975, yake haƙar kwal mai yawan toka don ba da lantarki ga Agadas da ma'adinan Arlit. Ta shafi Maiganga ta jihar Gombe da Okaba ta jihar Kogi. A ƙasar da makiyayi yake kwana bakin rijiya yana jiran layi, ba daidai ba ne a ɗebi ruwa a wanke dutse alhali ga iska kyauta.

Wani amfani kuma yana cikin tsibin shara. Duk inda aka daɗe ana haƙa, kamar Inugu da aka fara tun wajen 1916, akan bar tuddan tarkace, cikinsu kuwa da sauran kwal. Irin waɗannan tuddai sukan kama wuta da kansu, su yi ta hayaƙi, ruwan sama ya wanke dafinsu zuwa rafi. In aka bi su da injin iska, sai a sami abin sayarwa ba tare da sabon rami ba, tudun kuma ya rage.

Amma fa a faɗi gaskiya, iska ba ta kai ruwa iya rarrabewa ba. Jiƙaƙƙen kwal ba ya tankaɗuwa, garinsa mai laushi ma haka. Ƙura kuwa maƙiyiyar huhu ce, in ba a rufe inji an sa masa matatar ƙura ba, abin da aka tsirar na ruwa sai lebura ya biya da ƙirjinsa.

Saboda haka wajibi ne hukuma, kafin ta ba kowane kamfani izinin haƙa a busasshiyar ƙasa, ta tambaye shi ruwa nawa zai sha, me zai yi da sharansa, da me zai kare numfashin ma'aikata. Wanda ya kawo injin iska da matatarsa, a ba shi fifiko. Allah shi ba shugabanni ikon lura. Wassalam.